Muryar Uba a Cikin Keji

An yi wani mutum mai walda, babban ɗa a gidansu, hannunsa da albarka amma zuciyarsa duk tsatsa. Tun yana yaro yake ganin mahaifinsu ya fi son ƙaninsa, autan gidan. Da wannan ƙulli ya girma, da shi ya yi gemu, har uban ya rasu bai kwance shi ba.

Uban ya bar aku a keji. Tsuntsun ya daɗe a gefensa har ya kwashe muryarsa tsaf, da tarinsa da gyaran muryarsa. Mahaifiyarsu, wadda idonta ya riga ya tafi, ba ta da abin ɗebe kewa sai shi. In ya yi magana sai ta yi murmushi, kai ka ce maigidan ne ya leƙo.

To me akun yake faɗa? Duk sa'ad da mai walda ya shigo gida, abu ɗaya yake ji: "Auta, Allah ya yi maka albarka." Bai taɓa jin an ambace shi ba. Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin ƙato mai furfura yana hura hanci saboda maganar tsuntsu? Hassada ba ta san kunya ba.

Ana nan aka shiga wani zafi mai tsanani, irin wanda ƙarfe ba ya taɓuwa tun da hantsi. Tafiyar kwana uku ta kama autan, sai ya bar wa yayansa amanar akun. Ya ce a canza masa ruwa sau uku a rana, a kaskon ƙasa, don gwangwani dafa ruwa yake yi. Kafin rana ta take a ɗauke kejin daga ƙarƙashin rumfar kwano a kai shi inuwar bishiya, a jiƙa buhu a yafa masa. Yayan ya ce ya tafi abinsa, kada ya damu.

Washegari ya ɗebo ruwan da niyyar zubawa. Yana sunkuyawa akun ya kalle shi, ya ce da muryar marigayi: "Auta, Allah ya yi maka albarka." Abin ya soke shi. Shi ne da ɗaukar ruwa, wani ne da albarka? Ya sheƙar da ruwan a ƙasa ya fice. Shaiɗan ya shafa masa baya, ya ce ai ba duka ka yi ba, ba yanka ba, hannunka kawai ka janye.

Rana ta biyu ya ga tsuntsun ya saki fikafikai, baki buɗe, yana haki, yana saran busasshen kasko. Ya gani da idonsa, ya wuce shago, inda ya yini yana kwankwaɗar ruwan sanyi. Da tsohuwa, mahaifiyarsu, ta tambayi dalilin shirun akun, ya ce zafi ne kawai. Ta ce ya ba shi ruwa? Ya ce ya ba shi.

Rana ta uku aka iske akun a kwance, ƙafafu a sama.

Tsohuwa ta ce a kawo mata kejin. Ta sa yatsa a kaskon, ta ji ƙura. Ba ta yi wa mai walda baki ba. Ta ce:

"Ka san abin da yake faɗa in ba ka gida? 'Ina babban nawa? Bai dawo ba? Ku ajiye masa nasa.' Babanku ba ya iya yabonka a kan idonka, sai in ka ba da baya. Yadda ya ji shi yana yi, haka tsuntsun ya ɗauka. Ban taɓa zaton sai an gaya maka ba."

Mai walda ya durƙushe. Maganar da ya yi shekara arba'in yana jira, ashe kullum ana faɗarta a tsakar gidansu, shi kuwa ya kashe ta da ƙishi tun bai ji ta ba.

Daga ranar bai ƙara yin daidai ba. Ƙaninsa ya daina haɗa ido da shi. Tsohuwa ta daina murmushi, ba ta kai ƙarshen shekara ba. Shago ya mutu, don mai shi sai ya kunna wuta ya tsaya yana kallon bango. Ƙarshe ana ganinsa bakin ƙofar gidan, a tsaye daga waje, ya kasa kunne ko zai ji muryar uban tana tambayarsa.

Ya 'yan uwa, dabbar da ka tsare ba ta da rijiya sai hannunka. Mage ce, kare ne, tsuntsu ne, in zafi ya tsananta ka ba ta ruwa, ka ba ta inuwa, don za a tambaye ka. Mai hassada kuwa, rabonsa yake fara ƙonawa kafin na wani.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi, ya sa mu ji tausayin abin da ba ya iya roƙo. Allah ya kiyaye mu.