Saura Kaɗan, Gwaggo

Akwai wani bakanike a Talata Mafara mai suna Sallau. Garejinsa na bakin titin da ya tashi daga Gusau zuwa Sakkwato, bayan rumfunan masu sayar da shinkafa. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Motar da mai ita ya fid da rai da ita, in ta shiga wurinsa, da hantsi za ka ji tana tari, kafin azahar ta tashi.

Aibinsa guda ne, kuma shi bai ɗauke shi aibi ba. Ba ya iya jure a yi wa aikinsa dariya.

Ya daɗe yana burin haɗa motar da za ta riƙa shiga ƙauyukan Maradun da damina. Wanda ya san yankin ya san da zarar ruwa ya zauna, in ka sauka daga kwalta, to sai babur ko ƙafa. Sallau ya ce shi zai haɗa wadda laka ba ta tsayar da ita, kuma daga matattun akori-kura zai haɗa ta, irin tsofaffin nan masu ƙarfen gaske.

Ta farko a wurin 'yan gwangwan ya same ta. Ta yi hatsari, gefenta ya lotse, amma injinta lafiya lau. Ta biyu a Faru take, ta shekara da shekaru a gindin tsamiya har kaji sun mai da ita akurki, sai dai irin mai ja da ƙafa huɗu ce, kuma abin da yake nema ke nan. Ya rage masa shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da mota gaba ɗaya. Lafiyayye guda ya sani, a Bakura, a gidan gwaggonsa.

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce. Motar ta marigayi mijinta ce, ta faɗo a rabonta na gado, tun daga nan take ajiye a ƙofar gida. 'Yan gwangwan sun yi sintiri sun gaji, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Amma da Sallau ya je ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa, ba ta ja masa rai ba. Ta ce ya ɗauka, da sharaɗi guda: ranar da mota ta tashi, ita za a fara ɗauka, a kai ta ƙauyen Damaga.

Sallau ya san abin da ke Damaga. Yayar Gwaggo, Taibatu, ce a can, wadda su suke kira Gwaggon Damaga. Shekarun baya, a bikin Husna 'yar Taibatu, Gwaggo ta yi wata magana a kan kayan ɗakin amarya a gaban dangin ango. Tun daga ranar gaisuwarta da Taibatu ta koma ta bakin mutane. Gwaggo ta san ita ce da laifi. Kunya ce ta hana ta zuwa haka kawai, tana ta neman dalilin da za ta fake da shi, sai ga motar Sallau.

Da rani aka fara aiki. Zubairu mai walda, abokin Sallau tun suna koyon sana'a, shi ke yanka yana haɗawa, Sallau na kan inji da giya. Sun ɗora injin ta farko a kan shasin Gwaggo, suka sa ƙafafun ta Faru, suka ƙara wa sifirin ganye don ta ɗaga daga ƙasa, suka samo manyan tayu masu ƙaya. Masu wucewa kan tsaya su yi kallo, su girgiza kai, su wuce.

Ruwa bai daɗe da zama ba mota ta tashi.

Suka kai ta wata fadama kusa da magudanan ruwan Bakalori, inda manoman shinkafa kan nutse har gwiwa. Sallau ya sa giya ya afka. Motar ta yi gurnani, ta watsa laka sama, ta fita ta ɗaya gefen. Ya juyo ya sake, ta sake fita. Zubairu ya ce aiki ya yi, abin da ya rage ado ne.

A hanyar dawowa suka bi ta tasha, kuma nan aka samu matsala. Kan motar fari ne, ƙofofi shuɗaye, baya ja ne da tsatsa ta ci rabinsa, ga tabon walda ko'ina. Wani direba ya leƙo daga motarsa ya ce, "Sallau, wagga mota ce ko bargon faci ka ɗinko muna?"

Tasha ta ɗauki dariya. Wani ya ɗauki bidiyo a waya, kafin la'asar ya zagaye gari. Ba wanda ya ga abin da ta yi a fadama, launinta kawai aka gani.

Sallau ya ja motarsa ya wuce. Yana shiga gareji ya ɗauko sifana. Ya cire ƙofofi, ya cire kujeru, ya sauke gilashi, ya ce sai an goge ta tas an yi mata fenti kafin idon wani ya sake ganin ta a titi.

A ranar ne kuma wani ɗan kabu-kabu mai suna Ɗantala, wanda ke jigila da babur tsakanin Damaga da bakin kwalta, ya isa Bakura da saƙo. Taibatu ta kwanta, jiki ya yi nauyi, ta ce a gaya wa ƙanwarta ta zo su gana.

Gwaggo ba ta iya hawan babur. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa, ko tabarma sai an kama ta take zama. Waya kuma ba ta da amfani, don kunnen Taibatu ya yi nauyi, sai an yi ihu take ji, kuma neman gafara ba abin da ake kwarmatawa a waya duk gida na saurare ba ne. Washegari ta ɗaure kayanta, ta hau motar haya zuwa Talata Mafara, ta sa aka sauke ta a ƙofar gareji.

Ta tarar da mota ba ƙofa ba kujera, an ɗora ta a kan itace. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye shi ko ta tashi. Ya ce ta tashi, amma da sauran aiki.

"Mi ya rage?"

"Saura kaɗan, Gwaggo. Ki huta gida, ba za a daɗe ba."

Ta sauka a gidansa, matarsa ta share mata ɗaki. Ba ta kwance kayanta ba.

A nan ya kamata a yi wa Sallau adalci. Bai yi niyyar saɓa alkawari ba. A ransa ma gani yake don Gwaggo yake yi. Yaya za a ce ya shiga Damaga da ƙanwar ubansa a cikin abin da ake kira bargon faci? So yake ta sauka daga mota mai sheƙi, a ce ɗan ɗan'uwanta ne ya haɗa da hannunsa. Mutum in yana son abu, dalili ba ya yi masa wuya.

Sai dai fenti da damina ba sa shiri. Mai fenti ya ce sai an samu rana mai ƙarfi a jere, in ba haka ba zai yi ƙuraje ya ɓare. Aka shafa na ƙasa, wato shafin farko, hadari ya taso, aka jira. Tunda ana jira, Sallau ya ce bari a yi mata bamba ta ƙarfe a gaba. Da aka yi bamba ya ga ta fi ƙarfin fitilun, ya aika Gusau a kawo manya. Kujeru kuma ya kai wa mai ɗinki a sa musu sabuwar leda.

Zubairu ya gaya masa gaskiya sau ɗaya. Ya ce su mayar da ƙofofi su kai tsohuwa, in sun dawo a yi fentin har wata guda in ana so. Sallau ya ce in aka shiga laka da fentin ƙasa, duk gugar da aka yi ta tashi a banza. Zubairu ya koma kan waldarsa.

Kullum da safe in Sallau ya shiga gaishe ta, Gwaggo na zaune da mayafinta a kafaɗa. Ba ta yi masa faɗa, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Tambaya guda take yi, shi kuma amsa guda yake bayarwa. Har matarsa ta fara barin ɗakin in ta ji an zo kan tambayar.

Ɗantala ya sake zuwa, wannan karon har gareji. Ya ce Gwaggon Damaga ta daina cin tuwo, sai kunu. Sallau ya ji ba daɗi, har ga Allah ya ji. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga gari ya washe, ya ce in rana ta riƙe haka, a fesa fenti gobe, ya bushe, a tafi. Bai gaya wa Gwaggo cewa Ɗantala ya zo ba, don kada hankalinta ya tashi.

Rana ta riƙe. Aka fesa kore mai duhu, ya kwanta sumul. Mai fenti ya ce a bar shi ya sha iska kafin a taɓa.

Yana cikin shan iskar ne, wata safiya bayan an fito masallaci, wayar Sallau ta yi ƙara. Mijin Husna ne, ya hau tudu ya samu sabis. Ya ce Allah ya yi wa Taibatu rasuwa da asuba, za a yi jana'iza da hantsi.

Sallau ya kira Zubairu. Suka sauke mota daga kan itace, suka ɗaura ƙofofi, suka mayar da gilashin gaba. Kujeru na wurin mai ɗinki, sai suka ɗaure benci suka shimfiɗa bargo. Ba fitila, ba madubi, yatsunsu duk sun ɓata sabon fentin. Kafin rana ta yi zafi mota na ƙofar gida tana aiki.

Shi da matarsa suka ɗaga Gwaggo suka zaunar da ita. Ta dubi motar, ta dubi inda rana take.

Suka bi kwalta har inda ta ƙare, suka sauka. Laka ce iya ganinka, ga wani rafi da ya cika ya yanke hanya, masu babura sun tsaya ana ɗaga musu. Sallau ya sa giya. Motar ta ratsa laka, ta shiga ruwa har ya taɓo ƙofa, ta hau gaɓa, ko tari ba ta yi ba. Abin da ya yi shekaru yana mafarkin gani ke nan, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Bayan sun haye, Gwaggo ta yi magana, idonta na kan hanya.

"Sallau, ran da niz zo garejinka da kayana, da ta iya wagga hanya?"

Yana iya cewa birki bai zauna ba a lokacin, ko giya na da saura, ba za ta gane ba. Ya riƙe sitiyari da kyau.

"Da ta iya, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da jan carbinta.

Suna shiga Damaga suka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Sallau ya kama Gwaggo har cikin gida, ya zaunar da ita kusa da Husna, ya tsaya daga bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Da mata suka ɗan lafa, Gwaggo ta jawo hannun Husna ta tambaye ta a hankali ko Yaya ta bar mata wata magana.

Husna ta share ido. Ta ce sun yi ta roƙon ta ta faɗi saƙo a riƙe, ko a ɗauki muryarta a waya.

"Ta ƙiya, Inna. Ta ce ba ta ba kowa saƙo, tunda an ce mota ta tashi kina nan tahe. Da bakinta za ta gaya miki."

Gwaggo ta saki hannun. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuskarta.

Sallau ya fito waje. Masu zaman makoki sun tashi daga tabarmi sun kewaye motar, suna leƙa ƙarƙashinta, suna taɓa tayu. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa ganin mota ta shigo garin nan a tsakiyar damina ba. Wani ya ce ga ta kuwa da kyau kamar daga kamfani. Suka tambayi wanda ya haɗa ta, Zubairu ya nuna Sallau, aka yi ta sa masa albarka.

Ya amsa da amin, ya nemi gefen tabarma ya zauna, ya juya wa motar baya.

Darasi: In wani na jiran abin da ke hannunka, kuma abin ya isa ya biya masa buƙata, miƙa shi yadda yake. Gyara da ado suna iya jira, amma ran mutum ba ya jiran ka gama. Kada tsoron dariyar waɗanda ba ruwansu ya sa ka saɓa wa wanda ya dogara da kai. In kuma akwai wanda kake son neman gafararsa, kada ka tsaya neman dalilin zuwa, tashi ka je. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda wani ke zaune yana jira yau.