Tsakar Dashbod da Ƙofar Motar Barau

Masu ba da labari sun ce a Azare an yi wani direba, Barau, mai wata tsohuwar mota. Wata safiya aka aiko masa cewa gobe shi zai kai surukarsa, Hajiya Dije, ganin likita a Bauchi. Ga shi kuwa hannun ƙofar baya na ciki, wanda aka yi da roba, ya daɗe yana cijewa. In ya cije, ko ta waje ma ƙofar ba ta buɗuwa, sai Barau ya miƙa hannu ta kan cinyar fasinja ya fizge shi. To, wa ya isa ya ratsa hannu ta jikin surukarsa? Shi da ko ido bai taɓa haɗawa da ita ba!

Ya yi tsaki, ya ɗauko galan ɗin baƙin mai. Zai tsiyaya ke nan sai ya ji an ce, "Kai, Barau! Ajiye abin nan!"

Ashe wata tsohuwar tsaka ce da ta shekara a bayan dashbod, allon gaban motarsa.

Barau ya ce, "Ikon Allah! Yau har tsaka ke da baki a motata? Mai ai mai ne."

Tsaka ta ce, "Haka Ɗantani ya ce, ya sha kunya."

Ya ce, "Wane ne kuma Ɗantani?"

Tsaka ta ce: "Direba ne da na zauna a motarsa kafin taka, mai taurin kai irin naka. Hannun ƙofarsa ya fara cijewa, ya ɗura masa baƙin mai. Ranar farko sumul, har yana yi wa abokansa burga. Sai ƙurar hanya ta bi man ta zama taɓo, robar ta sha mai ta kumbura ta yi rauni. Ran da ya ɗauko liman zuwa ɗaurin aure, liman ya ja hannun, ƙaras, ya karye masa a hannu. Ta taga aka zaro liman, rawani a warware, mutane suna kallo. Ɗantani ya kai motar wurin Jatau mai gyaran ƙofofi, yana zagin masu ƙera mota. Jatau ya taɓa wurin, ya shinshina yatsansa ya ce, 'Ka tuna mini da yayata Lantana.' Ɗantani ya ce, 'Me ta yi?'

"Jatau ya ce: 'Fankarta ce ta daina waiwaye, wuyan yana ƙara. Ta shiga kicin ta ɗebo man gyaɗa ta zuba. Fanka ta saki, Lantana ta yi ta shi wa kanta albarka. Da man ya kwana biyu sai ya yi danƙo, wuyan ya fi dā tauri. Ta ƙara. Ya sake daskarewa, ta sake ƙarawa. Kiyashi suka ji ƙamshi suka tare a ciki da iyalansu. Ranar da ta yi baƙi ta kunna fanka, sai ga kiyashi suna zubo musu a cikin kunu. Har yau cewa take maƙwabciyarta ce ta yi mata baki. Kai da Lantana, Ɗantani, gemu ne kawai ya raba ku.'"

Tsaka ta ɗaga kai ta dubi Barau ta ce, "Kai kuma ko gemun ba ka da shi. Wallahi na gaji da ku! Abu ya cije, ba mai tambayar me ya riƙe shi, sai a kama ɗura masa mai. Roba ba ƙarfe ba ce. Kwance murfin hannun ƙofar, ka wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ka bari ya bushe, sannan ka sayo feshin silikon ka ɗan fesa. Kaɗan na ce, Barau, ba wanka ba."

Barau ya kwance murfin yana ƙunƙuni. Me zai gani? Busasshen kunun aya ne ya yi ɓawo a ciki, wanda fasinjoji suka zubar tun bara. Ya wanke, ya sayo feshin, ya fesa. Ya ja hannun da ɗan yatsa ɗaya, ƙofa ta buɗe.

Washegari suka isa Bauchi, Barau kai a sunkuye, gumi har wuya. Yana tsayawa tsaka ta leƙo don ta ga aikinta. Hajiya Dije ta hango ta, ta yi salati, ta taɓa hannun ƙofa, kafin Barau ya juyo har ta dira waje. Ta cire takalmi ta ce, "Malam, akwai tsaka a motarka. Ungo, kashe ta!"

Barau ya durƙusa ya karɓi takalmin da hannu biyu. Ya leƙa, ya ga jela tana shigewa bayan dashbod. Ya buga takalmin a kan kujera da ƙarfi, ya ce, "Ta gudu, Hajiya."

Da Hajiya ta shige asibiti, ya matso bakinsa kusa da dashbod ya ce, "Na ji, na ɗauka. Amma don Allah, in za mu koma, ki riƙe wa'azinki har mu sauke ta."