Jakin da Ya Kai wa Guru Itace

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

A can ƙasar Hindu aka yi wani Jaki da ya gaji da duniya, yana so ya san ainihin kansa kafin ya mutu. Aka ce ya je wurin tsohon Kunkuru, shi ne guru, malamin wannan hanya. A al'adarsu kuwa, mai neman sani da itacen wuta yake zuwa wa malami.

Jaki ya yi lodi ya tafi. Kunkuru ya leƙo ya ce, "Wane ne?"

"Mai kawo itace ne, Malam."

"Sauke ka tsaya."

Jaki ya sauke, amma bai tsaya ba. Ya ɗauka itacen ne ya yi kaɗan, ya koma daji. Haka ya yi ta yi har shekara bakwai, bayansa duk gyambo.

Ran nan a ƙofar Kunkuru ƙafafunsa suka ƙi, kayan suka zube, ya kasa juyawa.

Kunkuru ya ce, "Wane ne?"

Jaki ya ji iska na taɓa bayansa. Can ya ce, "Ba itace, ba mai kawowa. Amma ga ni."

"To, shi kake nema."

"Malam, ai da ka faɗa tun ranar farko."

"Kullum ina faɗa. Rabin maganar kake ɗauka ka tafi."

Ƙurunƙus kan kusu, ni ma na sauke nawa kayan.