Kibiya Tsirara a Filin Sulhu

Akwai wata mata a cikin mutanenmu na Selknam, tun zamanin kakannin kakanni, ana ce mata Ashkel. Ku ɗan tsayar da yatsan nan kada ku wuce, ni ma ba na son jan magana.

Ashkel 'yar arewacin tsibirinmu ce, Karukinka, can ƙarshen kudancin duniya, inda ciyawa ta shimfiɗu har iya ganin ido. Nan suke farautar guanako, dabbar nan mai dogon wuya kamar ɗan raƙumi marar tozo. Namansa abinci, fatarsa mayafi da bukka, jijiyarsa zare.

Sai Turawa masu tumaki suka zo suka ja shingen waya. Suka harbe guanakon wai yana cinye wa tumakinsu ciyawa. In kuwa ɗan Selknam ya taɓa tunkiya, shi ma harsashi. Dole dangin mijin Ashkel suka naɗe bukkokinsu suka gudo kudu, cikin kurmin da ke gefen tafkin Kami.

To amma kurmin da masu shi. A wajenmu kowane dangi da ƙasarsa, kuma ba ka farauta a ƙasar wani sai ya ce maka yi. Masu wannan kurmin dangin wani mutum ne, Talmek.

Yunwa ta sa mijin Ashkel ya bi guanako ya tsallaka rafin iyaka. Talmek ya harbe mijin har lahira. Kada ku tambaye ni sunansa, mu ba ma kiran sunan wanda aka kashe. Ƙanin mijin nata, Koyat, ya je ya kashe ƙanin Talmek. Daga nan aka shiga yi, yau a can, gobe a nan, har mazan gidan su Ashkel suka zama 'yan tsiraru.

Ashkel ta aske tsakiyar kanta don makoki, ta tsattsaga ƙwaurinta da fasasshiyar kwalba. Ga jaririya a baya, ga wata 'yar a hannu. Sanyi ya kawo kai, dusar ƙanƙara ta fara zuba, ba mai iya fita farauta don tsoron kwanton ɓauna. Yara har tsohuwar fata suke taunawa.

Ana cikin haka Talmek ya aiko wani tsoho. Saƙon gajere ne: "Jinin ya isa. A yi jelj. In an gama lafiya, ku yi farauta a kurmina har sanyi ya wuce."

Jelj shi ne sulhunmu, kuma ba sulhun baki ba ne. Kai da kanka za ka ɗauki kibau biyar, ka ɗaura wa kowace ƙullin fata kusa da tsini, yadda za ta huda jiki amma ba za ta yi zurfi ba. Sai ka miƙa su ga wanda ka yi wa laifi. Ka koma nesa, ka yar da mayafinka, ka taho masa a guje yana harbinka kana gocewa. Ya gama, shi ma ya ba ka nasa. Bayan nan magana ta mutu, ba mai tashinta.

Koyat ya ce wa tsohon, "Je ka ce masa mun yarda."

Ranar da za a yi, da hantsi, Ashkel na zaune tana kwaɓa jar ƙasa da ɗan guntun kitsen da ya rage, don maza su shafa. Koyat ya zo ya tsuguna gabanta yana wani murmushi. Shi fa Koyat gwanin harbi da baka ne, ya kuma san da haka, har tafiyarsa daban ce.

Ya ce, "Matar Yaya, shafa min da kyau. Yau zan share miki hawaye."

Ta ce, "Kai ne za ka share min hawaye? Fara share majinar da ke hancinka."

Ya yi dariya, ya waiga hagu da dama, ya buɗe baki. A ƙarƙashin harshensa akwai ɗan gutsuren kwalba mai kaifi, ƙarami kamar farce. Ya mayar da shi ya ce, "In ya ba ni kibansa, zan harba huɗu yadda ake yi. Ta ƙarshe in ya matso kusa, in kai ta baki kamar ina gyara gashinta, in yanke ƙullin. A maƙogwaro zan sa masa. Sai a ce ƙulli ne ya kwance."

Hannun Ashkel ya tsaya cikin jar ƙasar.

Gaskiya dai abu na farko da ta ji daɗi ne. Talmek a ƙasa, jini na fita, kamar yadda aka kawo mata mijinta. Ta daɗe tana ganin wannan in ta rufe ido. Amma jaririyar ta motsa a bayanta, ta yi ɗan kukan nan marar ƙarfi na yaron da nono bai ishe shi ba.

Ta ce, "To ka kashe shi. Sai kuma me?"

"Sai jinin Yaya ya kwanta."

"Na ce sai kuma me, Koyat? Mazansu sun ninka namu. Kafin rana ta faɗi sun gama da ku. Mu kuma mu nufi ina? Arewa waya ce da bindiga. Ko tafki za mu faɗa?"

Ya ce, "Ke dai tsoro ne da ke. Ni don ke zan yi."

"Don ni? Yaushe na aike ka? Don a ce Koyat ya iya harbi za ka yi. Kada ka saka sunana a ciki."

Fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya ce, "Mace ba ta da baki a filin jelj. Ki zauna inda mata ke zama, ki yi kukan da kika iya. In kuma kika faɗa wa wani, zan ce baƙin ciki ne ya taɓa miki kai. Wa zai yarda da ke?"

Ya kwashi jar ƙasar da kansa ya tafi.

Ashkel ta je wajen surukarta, uwar su Koyat, ta raɗa mata. Tsohuwar ta kawar da kai ta ce, "'Yar nan, ban ji ba. Ɗa ɗaya ya rage min, kada ki sa a jefe shi da sunan maci amana. Rufe bakinki."

Shi ke nan fa. Ba mai taya ta.

Aka haɗu a wani fili tsakanin itatuwa. Mutanen Talmek suka zauna can gefe, su Koyat nan gefe, mata da yara a bayan kowa. Aka fara kukan waɗanda suka mutu, ɓangare biyu duka, har sai da muryoyi suka dushe. Sannan Talmek ya tashi.

Ashkel ba ta taɓa ganinsa kusa ba sai ran nan. Ta ɗauka wani ƙato za ta gani. Ashe mutum ne mai furfura, shi ma yunwa ta rame shi, shi ma tsakiyar kansa a aske. Wannan bai sa ta ji tausayinsa ba, ko kaɗan.

Ya zo ya ajiye kibansa gaban Koyat ya ce, "Ga su, ɗan arewa. An ce ka iya. Mu gani."

Koyat ya ce, "Tsoho, ka dai lura da gwiwa, kada ta ba ka kunya gaban mata."

Talmek ya koma ƙarshen fili, ya saki mayafinsa a ƙasa, ya taho a guje.

Koyat ya saki ta farko, Talmek ya sunkuya ta wuce. Ta biyu ya yi tsalle gefe, mutanensa suka yi ihu. Ta uku ta same shi a cinya, ta tsaya a ƙulli, ya fizge ta ya yar, jini na bin ƙafarsa bai tsaya ba. Ta huɗu ta shafi kunnensa.

Koyat ya ɗauki ta ƙarshe ya kai baki.

Ashkel ta miƙe. Surukarta ta cafko mayafinta tana cewa "Ke! Ke!" Ta saki mayafin a hannun tsohuwar ta wuce. Ta ratsa ta tsakanin mazan da ke zaune, wani dattijo na daka mata tsawa, "Wace mahaukaciya ce wannan? Ku kama ta!" Kafin wani ya tashi ta shiga tsakiyar fili, ta tsaya daidai tsakanin Talmek da bakin kibiya, jaririya a bayanta.

Talmek ya ja birki.

Koyat, baka a ɗame, ya ce ta cikin haƙora, "Kauce."

"Ba zan kauce ba."

"Matar Yaya, kauce na ce!"

"Harba mana, gwani. Ga ni, ga 'yar yayanka a bayana. In kibiyar nan da ƙullinta, ai ba abin da za ta yi min sai ɗan jini, na kuwa saba. Harba kowa ya gani."

Bai harba ba, bai sauke ba.

Ta taka har gabansa, ta kama kibiyar ta fizge daga bakan, ta ɗaga sama. Tsirara take, ba ƙulli. Tsininta na kwalba na ta ƙyalli. Guntun fatar kuwa ga shi nan a kan dusar ƙanƙara kusa da ƙafar Koyat.

Mutanen Talmek suka zabura, kowa ya kai hannu kwari. Su ma mazan su Koyat haka. Saura ƙiris.

Ashkel ta juya ta fuskanci Talmek, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai ka kashe min miji saboda dabba ɗaya. Kada ka ɗauka sonka nake. Da za ka faɗi nan ka mutu da kanka, ni zan fara rawa. Amma ba wanda zai yi ha'inci ya ce don ni ya yi, sannan a bar ni da gawar 'ya'yana. Ni na tona, ba naku ba. Daga cikinmu aka tona. Yanzu in kun ga dama ku fara da ni."

Ta jefa kibiyar gabansa.

Talmek ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga wa mutanensa hannu suka tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki kibiyar, ya juya ta, ya ce, "Ba a gama jelj ba. Ɗan arewa, ina naka kibau? Yanzu kai za ka yi gudu."

Koyat ya kawo nasa, fuska kamar toka. Talmek ya karɓa, ya zare ɗaya ya yar, ya sa tsirarar nan a madadinta. Kowa na gani.

Uwar Koyat ta fasa ihu. Ashkel kanta ba wannan ta nema ba.

Koyat ya tafi ƙarshen fili ya yar da mayafi. A ba shi haƙƙinsa, bai gudu daji ba. Ya taho. Amma duk gwanintar nan ta tafi, ido na kan kibiya ɗaya kawai, sai tuntuɓe yake. Talmek ya yi ta saki, biyu suka same shi, ɗaya a kafaɗa ɗaya a haƙarƙari.

Saura tsirarar. Koyat ya iso kusa, kusan da yaro ma ba zai kuskure ba. Ya tsaya yana haki, ya rufe ido.

Talmek ya ce, "Buɗe idonka." Ya tsuguna ya tsinci guntun fatar da Koyat ya yanke, ya kwance zaren jijiya da ke ɗaure a damtsensa, ya ɗaura ƙullin a hankali, ya ja da haƙori. Sannan ya ce, "Juya."

Koyat ya juya. Talmek ya ɗirka masa ita a ɗuwawu.

Wata tsohuwa daga ɓangaren Talmek ce ta fara tuntsurewa da dariya. Sai ga shi har mazan su Koyat sun kasa riƙewa. Wani ya ce, "Gwani, yau a tsaye za ka ci nama!" Koyat ya zare kibiyar ya tafi yana ɗingishi, bai kalli kowa ba. Ya daɗe bai yi wa Ashkel magana ba, ita kuwa ko a jikinta.

Kafin yamma samarin Talmek suka shigo da guanako biyu a kafaɗa. Aka hura wuta ɗaya babba. Talmek da kansa ya yanko cinya, ya tako da ƙafarsa mai ciwo har inda Ashkel ke zaune da 'ya'yanta, ya miƙa mata.

Ya ce, "'Yar'uwa, kin ceci raina, kina bina bashi."

Ta karɓe naman da hannu biyu, ta ɗora a wuta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Ni ba 'yar'uwarka ba ce. Naman na karɓa, ban yafe ba. Matsa, kana tare min wuta."

Ya matsa.

Darasi: Ba sai ka yafe wa mutum sannan za ka ƙi a ci amanarsa ba. Ciwonka naka ne, kada ka bar wani ya ɗauke shi ya yi ɓarna ya ce don kai ya yi, ko da ɗan gidanku ne, ko da kowa ya ce maka rufe baki. In ka ga abin da zai hallaka naka, tashi ka tsaya a tsakiyar fili, ko kai kaɗai ne. Ku tura wa duk wadda aka taɓa ce mata mace ba ta da baki, ku kuma tura wa masu ce mata hakan.