Hawainiya da Bidiyon Lantana

To jama'a, ku matso kusa, ga ta nan tafe, amma wannan da waya a hannunta.

Akwai wata Lantana mai yin ƴan bidiyo tana koya wa yara halin dabbobi. Matsalar dai ba a kallo. Rannan ta ce ita kam ta gaji, za ta ce yawun hawainiya na makantar da mutum, ta ɗora kiɗan tsoro, a ga in ba a kalla ba. Tana gindin tsamiya da la'asar, iska na kaɗawa, ido ya fara lumshewa, sai ga hawainiya na saukowa daga reshe a hankali, kamar mai tausayin itacen.

Hawainiya ta ce, "Ƴar nan, in kika saki wannan, gobe yara za su bi ƴaƴana da duwatsu. Zauna ki ji labarin Jatau mai waƙar hanya."

Wai a wani gari na bakin hamada, madugu ya sa Jatau ya tsara waƙar da za ta koya wa samari inda rijiya take. To rijiyar a wani fako take, ko ciyawa babu. Jatau ya ce, wa zai rera wannan? Sai ya ɗauke ta a waƙa, ya kai ta ƙarƙashin dabinai masu inuwa.

Tsohon raƙuminsa ya ce, "Maigida, ba ka ji abin da ya sami Iya Tasalla ba?"

"Wace ce kuma?"

"Mai magani ce. Jikanta ya ƙi shan saiwa don ɗaci, ta zuba zuma, ya sha. Kullum tana ƙara zuma tana rage saiwa, don dai ta ga dariyarsa. Ranar da ƙoƙon ya koma zuma zalla, yaro na lasar baki, zazzaɓi na cinsa. Maigida, zuma ƴar rakiya ce, ba ita aka aika ba."

Jatau ya yi tsaki. Samari suka haddace waƙa, suka tafi suna rerawa, suka isa dabinai, suka tona: yashi. Da ƙyar raƙumin ya shinshino fakon, ya ja su can harshe a bushe.

Hawainiya ta ce, "Kin ji? Waƙa ta kai su inuwa, amma ba a shan inuwa."

Lantana ta ce, "Iya, gaskiya fa ba ta jan ƴan kallo."

"Wa ya gaya miki? Ɗaga wayar."

Sai idon hawainiya ɗaya ya dubi gabas, ɗaya yamma. Koren jikinta ya soma rinewa kamar sararin magariba. Harshe ya fita, fyat, ƙuda ya ɓace.

Lantana ta buɗe ido. Hawainiyar na nan kan reshe, kamar ba ta taɓa magana ba. Lantana ta goge kiɗan tsoron, ta saita kyamara, ta ce ƙasa-ƙasa, "Na ji, Iya. Zan sa zuma, amma saiwar na nan daram."

Ƙurunƙus, ni ma cajina ya kusa ƙarewa.