Sunaye Biyun da Kofur Tizhe Ya Kira a Kasuwar Mubi

Akwai wani tsohon soja a Mubi, zamanin da jihar take amsa sunan Gongola, ana kiransa Kofur Tizhe. Yana cikin waɗanda aka kai Chadi aikin kiyaye zaman lafiya. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da taurin kai, da muryar da idan ya yi tari a bakin tasha sai masu shayi su waiwaya.

Da ya ajiye kaki sai ya zama mai shela. Lasifika a gaban keke, batir a baya, ya bi kasuwa yana sanar da ranar rigakafi, ko isowar taki, ko jakin da ya ɓace. Yakan faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya rufe da harshensu na Kamwe. Bai taɓa shelar abin da bai tabbatar ba. Shi ya sa idan gardama ta yi tsawo aka ce "Tizhe ne ya faɗa", kowa sai ya kama gabansa.

Wata kaka rikici ya tashi a wani ƙauye bayan Digil. Shanu suka shiga gonar gyaɗa ba a gama cira ba, daga cacar baki aka koma sanda da kibiya. Rumbuna suka ƙone, rugar Fulani ma ta ƙone. Aka rasa mutum biyu: Vandi, manomi, mijin Miriyamu ƙanwar Tizhe, da Hammanjoda, ɗan Arɗo Gabdo shugaban makiyayan wurin.

Manoma suka gudo cikin Mubi suka rakuɓe a gidajen dangi. Makiyaya suka kora shanunsu can gindin duwatsu. Miriyamu da 'ya'yanta uku suka tare a ɗakin Tizhe, wata biyar ba ta ga gonarta ba.

Manyan gari suka kafa kwamitin sulhu, suka ɗora Alhaji Alhassan a kai. Alhaji ba mugu ba ne, amma mutum ne da ya yarda cewa duk abin da aka buga da tafireta aka danna masa hatimi, to ya faru. Aka yi zama uku a zaurensa, aka ci goro, aka sa hannu. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ga wani babban baƙo ana jira daga Yola, ana so ya tarar kowa ya koma gida.

Alhaji ya kira Tizhe ya miƙa masa takarda, ya ce ranar kasuwa ya karanta ta da harsuna ukun nan. Takardar ta ce an sasanta, kowa ya koma gonarsa ba fargaba. Layi na uku kuma ya ce an gode wa Allah da ba a rasa rai ba.

Tizhe ya karanta layin sau biyu. Ya tambaya ko Arɗo Gabdo ya zo zaman. Aka ce wani dillalin shanu ya wakilce shi. Ya tambaya ko an je wa Arɗo gaisuwar ɗansa. Aka ce ba a je ba. Ta Miriyamu bai ma tambaya ba, don a ɗakinsa take, ya san ko kare bai leƙo ba.

Alhaji ya yi masa bayani cikin lallashi, wai ambaton gawa yana tada tsohon ciwo, gara a rufe maganar mutane su manta.

"Alhaji," in ji Tizhe, "ni na sa Vandi a rami da hannuna. Wa na binne ke nan?"

Alhaji ya ce shi dai aikinsa karatu, ba gyaran takarda ba.

Jama'a, a ƙasar nan kowa ya san abu guda. Idan jini ya shiga tsakanin gida biyu, ba a cin abinci tare, ba a shan ruwan rafi ɗaya, sai an je an zauna a tabarmar mai makoki an yi masa gaisuwa. Musulmi da Kirista duk haka suka tashi suka gani. To wanda takarda ta ce bai mutu ba, ina za a kai gaisuwarsa? Manyan nan sun toshe ƙofar sulhun da hannunsu, suna murna sun gama aiki.

Da ya koma gida, ya tarar Miriyamu ta baza irin dawa a faifai tana tsince ɓaragurbi. Labari ya riga shi isowa. Ta ce ta ji an sasanta, ruwa kuma ba zai jira ta ba.

"Yaya, ni ban san takarda ba. In kai ne ka faɗa a lasifika, gobensa zan ɗauki yaran nan mu koma."

A Chadi ya ga yadda ake sa hannu a birni alhali a ƙauye ana haƙa kabari. Ya san makiyayan da ke gindin duwatsu ba su yafe komai ba, don ba wanda ya tambaye su. Idan ya karanta takardar nan, muryarsa ce za ta tura ƙanwarsa da marayu uku cikin daji su kaɗai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a bakin daga.

Ranar kasuwa ta zo. Tizhe ya jingina kekensa a tsakanin 'yan hatsi da hanyar kara, wato kasuwar shanu, inda manoma da makiyaya duk suke ji. 'Yan kwamiti na zaune a rumfa cikin manyan riguna. Ya hura lasifika, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ya ce sanarwar rasuwa ce. Ya kira sunan Vandi, ya faɗi ƙauyensa da 'ya'yan da ya bari. Sannan ya kira sunan Hammanjoda ɗan Arɗo Gabdo, ya ce ya bar mata da jariri. Ya ce wata biyar ke nan da rasuwarsu, ba a yi wa kowane gida gaisuwa ba, saboda haka ba a sasanta ba, kada wanda ya koma gona tukuna. Ya maimaita da Fulatanci, ya maimaita da Kamwe, bai rage ko harafi ba.

Sai wani daga cikin dangin Vandi ya taso yana huci, ya ce yaya zai haɗa sunan ɗan'uwansu da na waɗanda suka kashe shi.

Tizhe ya dube shi ya ce, "Hammanjoda ma uwa ce ta haife shi. Gobe da safe zan tafi gaisuwarsa. Mai zuwa ya same ni a nan."

Kafin ya rufe baki Alhaji ya aiko aka kwance lasifikar daga keken, aka ce daga yau ba shi ba shela. Tizhe ya taya su kwance igiyar ma. Ya hau kan wani buhun masara ya sake faɗar sunayen biyu da bakinsa kawai, kuma wallahi na ƙarshen kasuwa sun ji.

A gida Miriyamu ba ta ce masa sannu ba. Ta tambaye shi ko da gaske zai je ya durƙusa wa mutanen da suka mayar da ita gwauruwa. Ya ce da gaske. Ta juya masa baya, ranar ko ruwa ba ta miƙa masa ba.

Da safe mutum huɗu ne kawai suka fito: wani tsohon malamin coci, wani limamin unguwa, da manoma biyu da matansu suka hana amma suka ƙi hanuwa. Suka taka har gindin duwatsu, Tizhe na ɗingishi a gaba, hannunsa ba ko sanda. Samarin ruga suka tare su da baka a ɗane. Tizhe bai tsaya ba, ya ce gaisuwar Hammanjoda suka zo.

Arɗo Gabdo ya fito, dogon tsoho da ya rame har rawani ya yi masa yawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma. Suka zauna, liman ya yi addu'a, malamin coci ya yi tasa, Tizhe ya yi gaisuwa yadda ake yi. Da tsohon ya buɗe baki, hawaye ne suka riga maganar fita.

Ya ce masu kai nono sun kawo masa labarin kasuwa. Ya ce tun da aka binne yaron, ba wanda ya kira sunansa a cikin mutane, har an aiko masa cewa a takarda ba wanda ya mutu. Ya nuna samarin nan ya ce da manoma sun dawo a kan waccan takardar, shi kansa ba zai iya riƙe su ba.

Sannan ya tambaya, "Matar mutumin naku, ina take zaune?"

Tizhe ya ce a gidansa, ƙanwarsa ce. Arɗo ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

Bayan kwana biyu, da hantsi, unguwar su Tizhe ta ga abin da ba ta zata ba. Arɗo Gabdo da dattawa shida, da matar Hammanjoda goye da jariri, ɗauke da ƙwaryar nono. Suka cire takalma a ƙofar gida suka zauna a ƙasa. Miriyamu ta ƙi fitowa. Suka jira, rana ta take, ba wanda ya motsa. Can jaririn ya fara kuka saboda zafi. Sai ga Miriyamu ta ɗaga labule da moɗar ruwa a hannu, ta miƙa wa uwar.

Arɗo ya yi mata gaisuwar Vandi da sunansa. Ya ce ba shi da abin da zai mayar mata da miji, amma gonarta ta kwana biyu ba taki. Idan ta yarda, shanunsa za su kwana a kanta har ruwan fari ya sauka, yadda ake yi tun zamanin iyayensu, kuma shi da kansa zai kafa bukka a bakin gonar har ta gama shuka.

Miriyamu ta juya wurin yayanta.

"Yaya, in koma?"

"Yanzu kam ki koma," in ji Tizhe.

Ranar kasuwa ta gaba Alhaji Alhassan ya zo da kansa, lasifika a hannu, yana murmushin kunya. Ya ce tunda yanzu an sasanta da gaske, ai sai Kofur ya karanta takardar. Tizhe ya zaro ta daga aljihu, ta yi laushi da gumi, ya buɗe, ya ɗora yatsa a layi na uku, ya miƙa wa Alhaji biro.

Alhaji ya dubi biron, ya dubi kasuwa, duk ido a kansa. Ya soke layin. Tizhe bai karɓi takardar ba sai da Alhaji ya rubuta Vandi, ya rubuta Hammanjoda, da hannunsa.

Darasi: Zaman lafiyar da aka gina a kan ɓoye asarar mutane ba ya ɗaukar nauyin ko mutum ɗaya. Idan an ba ka amanar isar da saƙo, rayukan masu saurarenka na kan harshenka, kada ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, ko da za a ƙwace maka lasifika. Ku tura wa duk wanda jama'a ke jin maganarsa, ya karanta kafin ya sake cewa komai ya wuce.