Sallama Arba'in da Shida a Ƙofar Malam Bukar

Hajo mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, kaina na kan cinyarta. 'Ya'yana masu bin shafin nan, ku ɗan natsu ku ji.

Akwai wani dattijo a unguwar Kabara, Malam Bukar, kakanninsa daga Barno suka zo. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, abokan hirarsa kuma aka yi ta kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Kullum da la'asar sai ya shimfiɗa tabarmar da ke ɗaukar mutum shida, ya zauna shi kaɗai.

Lokacin soja ba su fi shekara bakwai da komawa bariki ba, shagunan intanet na ta buɗewa. Maharazu, ɗan ƙaninsa, yana da ɗaya a unguwar Koki. Shi ya buɗe wa tsohon abin da ake kira bulog.

"Baffa, ka rubuta a nan, ka danna nan. Duniya za ta karanta."

Malam ya ji daɗi. Duk Talata da Asabar yana can, yana buga haruffa da yatsa ɗaya. Ya rubuta labarin tsofaffin rijiyoyin unguwa, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu. Ya jira wani ya tanka masa. Shiru.

Sai dai akwai wata jar lamba a gefen allon kwamfutar. Yau uku, wani satin tara.

"Maharazu, wannan jan abin fa?"

Maharazu ko waiwayowa bai yi ba. "Modareshan ne, Baffa. Ba za ka gane ba, abin namu ne."

To shi tsohon malami abu ɗaya ya sani da ja: biron gyaran kuskure. Sai ya ɗauka na'urar ce ke ƙirga masa kurakurai, shi ya sa mutane suka guje shi. Kunya ta kama shi. Ya koma yana gyara rubutun da babu abin da ya same shi, lamba kuwa sai hawa take. Wata takwas ana haka.

Ranar da ta kai arba'in da shida, ya nufi teburin Lauratu, wata mata mai buga wa mutane takardu a shagon.

"Malama, taimaka ki rufe min abin nan. Kuskure arba'in da shida! Ni da na koya wa rabin Kabara a, ba, ca."

Lauratu ta duba. Sai ta ture aikinta ta jawo masa kujera.

"Baba, kana da zaure?"

"Ina da shi, ko da yake ƙadangaru ne baƙina."

"To bulog zaurenka ne. Duk rubutun da ka saka, shi suke ce wa fos, tamkar ka shimfiɗa tabarma ne ka fara hira. Fasuwod makullinka ne, kada ka ba kowa, har ni. Idan wani ya karanta ya mayar maka da magana, shi ne kwament."

"Ai ni ba a taɓa mayar min ba."

"Baba, idan baƙo ya yi sallama a gidanka, yana shiga kafin a amsa?"

"Sai dai marar tarbiyya."

"To modareshan ke nan. Maganar baƙo ba ta fitowa sai mai gida ya ce bismillah. Wannan lambar ba kuskure ba ce. Sallama ce arba'in da shida a ƙofarka."

Ta danna. Ga ɗalibinsa daga Jos. Ga wata mata tana tambayar rijiyar gidan kakanta. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Can ƙasa akwai saƙo uku daga Kartum. Kyari ne, amininsa na ƙuruciya da ya tafi Sudan shekara arba'in da suka wuce, 'yarsa Falmata ce ke buga masa.

Na farko: "Bukar, kai ne? Ni ne Kyari, wanda ka tura cikin kududdufi saboda goruba."

Na biyu: "Tsohon banza, har yanzu girman kan nan bai sake ka ba?"

Na uku, wata biyar baya: "Sallama uku ce. Na koma."

Malam ya faɗa, Lauratu ta buga masa amsa: "Wa'alaikumus salamu, Kyari. Shigo. Wallahi ban ji ba ne."

Bayan kwana tara Falmata ta rubuto. "Baba ya rasu sati uku ke nan. Amma kullum sai na karanta masa rubutunka, yana dariya yana cewa ƙarya kake, rijiyar ba a nan take ba."

Malam ya kira Maharazu ya nuna masa. Bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, lokacin da matar nan ta ɗauka ta fahimtar da ni bai kai na shan shayi ɗaya ba."

Maharazu ya durƙusa a tsakiyar shagon, ya kasa ɗaga kai.

Malam ya amsa sauran sallamar ɗaya bayan ɗaya. Tabarmarsa ta sake ganin baƙi, amma gefen dama ya bar wa Kyari, bai bari kowa ya zauna ba.

Da Hajo ta gama, sai na tuna da nawa laifin. Maƙwabciyata 'Yardada ta tambaye ni sau biyu yadda ake tura murya a waya, ɗanta na Legas take son ya ji ta, na ce mata ta bari ba za ta iya ba. Ni ɗin da jiya jiya aka koya min! Washegari ko koko ban sha ba, na ɗauki kujerata 'yar tsuguno na yi sallama gidanta.

Darasi: Idan Allah ya sanar da kai abu, ka faɗa wa wanda bai sani ba da maganar da zai gane. "Ba za ka gane ba" rowa ce, kuma ba ka san wanda ke tsaye a ƙofarsa yana jira ba. Ku tura wa duk mai tsoho a gida, musamman masu amsa tambaya ba tare da sun waiwayo ba.